Tafiyar Neman Idon Baba

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na zauna a kan keken ɗinki lafiya ba. Duk wanda ya shigo shago, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Nasiru, yaya ƙasar? Da gaske burodinsu kamar sanda yake?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, ga shi akwai wuraren da in na zo faɗa murya ba ta fita. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, mai son ji ya karanta.

Mahaifina, Malam Alu, mutumin Illela ne ta Nijar. Yana saurayi ya gangaro Gusau cin rani, ya samu aikin gadin wani sito na hatsi, ya yi aure, aka haife mu, shi ke nan ya zama ɗan gari. Tun rasuwar mahaifiyarmu yana wurina. Idonsa daga gefe-gefe ya fara tafiya. Na dama ya rufe ruf, na hagu ya rage masa ɗan kaɗan, kamar mai leƙe ta cikin bututu, shi ma sai da rana. Likitocin gida sun ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Baba bai yarda ba. Wani mai fataucin albasa ya gaya masa a masallaci cewa akwai asibiti gaba da Malbaza inda aka kankare wa yayansa ido, ya tashi yana gani tar. Daga ranar ba mu da wata magana a gida sai ta Nijar. Na san ciwon ba ɗaya ba ne, amma na kasa faɗa masa. A ƙarshen damina, gero ya fitar da kai, na rufe shago muka kama hanya.

Hanyar Sakkwato kun san ta, kun san yadda ake bin ta yanzu: da rana tsaka, kowa bakinsa na motsi da addu'a, direba ba ya tsayawa ko da fitsari ya matsi mutum. Daga Sakkwato muka shiga wata ƙaramar mota, na ce wa direba Illela za mu. Da ya tsaya ya ce an iso, na sauke jaka cike da murna, na ce, "Baba, ga mu a garinku." Ya yi dariya, karon farko tun fitowarmu. Ya ce, "Wannan Illelar ta Najeriya ce, sakarai. Tamu tana can arewa, sai an wuce Konni da nisa." Ina da shekara talatin da ɗoriya ban san garuruwan biyu ne ba.

A bakin boda na ga abin mamaki. Wani jami'i ya dubi katin shaidata, ya dubi Baba ya ce, "Wanga tsoho hwa, ina ya hito?" Kafin in buɗe baki Baba ya amsa, da wata Hausa da ban taɓa ji a bakinsa ba. "Lahiya" ta maye gurbin "lafiya", "muka" ta koma "munka". Ya faɗi unguwarsu, ya faɗi sunan kakansa. Jami'in ya miƙo min katin da hannu biyu ya ce, "Ku tahi, Allah shi ba da lahiya." Ni da aka haifa a gidansa, sai na ji kamar baƙo nake riƙe da shi.

Daga nan zuwa cikin Konni babur ake hawa, kabu-kabu suke ce masa. Aka ɗora Baba a ɗaya, na hau ɗaya da jaka. Na ce wa masu baburan su jera, su kai mu tasha. Ban san tashar ba ɗaya ba ce. A wata mararraba wata babbar mota ta gitta tsakaninmu, da ta wuce babu Baba babu alamarsa. Na sauka a tashar da aka kai ni, na zagaya rumfa-rumfa ina tambaya, "Kun ga wani tsoho mai farar riga da sanda?" Tsofaffi masu farar riga da sanda sun cika Konni. Wayata ba ta da layin ƙasar, Baba kuma ba ya riƙe waya. Rana ta fara yin sanyi, ni kuwa gumi ya jiƙa ni har wando, don na san da zarar magariba ta yi ɗan ganin da ya rage masa ya tafi.

A ɗaya tashar na same shi, inda motocin Tawa suke lodi. Yana tsaye daidai inda mai babur ya sauke shi, a gefen kwata, ya rungume sandarsa a ƙirji. Wata mai sayar da kwaɗon zogale ta ce ta yi ta ba shi kujera ya ƙi, ya ce in ya matsa ɗansa ba zai gan shi ba. Na kama hannunsa, sanyi ƙalau. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya gyara riƙon sandarsa. Na ja shi har muka kai masauki.

Mun kwana a zauren wani ɗan'uwan mai albasar nan. Mutanen kirki ne, sun kawo mana tuwon gero da miyar kuka, da fura mai kauri wadda su "hura" suke cewa. Da safe aka kawo burodin da kuke tambaya. Gaskiya ne, dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi, a tsaga shi a zuba wake da mai a ciki. Shayinsu kuwa ba irin namu ba ne na madara a babban kofi. A 'yar buta ake dafa shi kan gawayi, a zuba a ɗan ƙaramin gilashi, ɗaci kamar magani, kuma in ka sha na farko ka tashi an ce ka yi rashin ladabi, sai ka jira na biyu da na uku. Baba ya sha nasa duka yana lumshe ido.

Motar Malbaza ta bi ta Tsarnawa, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi arewa ɗaya ta miƙe gabas. Mata suka yanyame tagogi da dafaffiyar gyaɗa da masara. Gero hagu da dama, ya fi mutum tsawo. A Malbaza muka wuce kamfanin siminti, komai na kusa da shi ya yi fari-fari har ganyen itatuwa. Jandarma, jami'an tsaron ƙasar, suka tsayar da mu sau ɗaya, suka leƙa, suka ce mu wuce. Baba yana ta juya kai a hankali yana neman abin da zai kama da ɗan idonsa, can ya gaji ya jingina.

A asibitin muka tarar da layi, aka ce sai gobe za a ga likitan ido. Can asibitin ne suke kira "likita", shi likitan kuma "lokotoro". Masu jinya suna kwana a wani fili mai rumfa, kowa da tabarmarsa da tukunyarsa. Kusa da mu akwai wani dattijo siriri mai gilashi, matarsa na kwance a ɗakin mata, ciwon ciki ya cinye ta. Na ji mutane suna ce masa "Mushe Isaka", raina ya ɓaci, na ce wane irin wulaƙanci ne a kira mutum mushe yana raye. Baba ya ce in rufa wa kaina asiri, can haka ake kiran malamin makaranta. Ya koyar a lakwal, wato makarantar boko, har ya yi ritaya. Ni dai bakina bai iya ba, Malam Isaka nake ce masa.

Bayan sallar isha'i wuta ta ɗauke, filin ya yi baƙi ƙirin, sai 'yan garwashin masu shayi. An yi ruwa shekaranjiya, sama ta wanku. Ban taɓa ganin taurari da yawa haka ba, kamar an watsa gero a baƙin zane. Na ce "Kai!" ban sani ba.

Baba ya ce, "Sun fito ko?"

Na ce, "Sun fito, Baba."

"Kaza da 'ya'yanta ba ta fito ba tukuna. A wannan lokacin sai dare ya yi nisa." Ya ɗaga fuska sama, ya daɗe haka. Ya ce, "Ko ɗaya ban gani ba." Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Duk shekarun da na yi ina gadi ina kallonsu, abu ɗaya ya tsaya min. An ce ba su ƙirguwa. An ce kowanne rana ce mai zaman kanta. To in haka ne, me ya sa dare yake da duhu? Fitila goma in ka kunna a sito ko'ina sai ya haskaka. Su da ba su da iyaka, sun kasa haska wa mutum gaban ƙafarsa?"

Na ce, "Ai nisa ne, Baba."

Malam Isaka ya gyara zama a tabarmarsa. Tun yamma bai yi magana da kowa ba sai wannan lokacin. Zan faɗi abin da ya ce da Hausarmu, don tasa rabi Faransanci ce.

Ya ce, "Nisa kaɗai bai isa ba, yaro. Malam, tambayar nan taka ta daɗe tana wahalar da masu ilimin taurari. Ka taɓa tsayawa a tsakiyar babbar gonar gero irin wannan lokacin?"

Baba ya ce, "A ciki aka haife ni."

"To duk inda ka juya me kake gani? Kara. Na kusa da kai kaɗan ne amma manya. Na nesa sirara ne a ido, amma sun fi yawa, sun toshe duk wata kafa. Ba za ka hango bayan gonar ba. Da a ce taurari ba su da iyaka, kuma tun fil azal suna nan suna ci, da haka sama za ta kasance. Duk inda ka kai ido sai ya faɗa kan tauraro. Da dare ya yi fari kamar tsakar rana, da ma ba mu rayu ba don zafi."

Baba ya ce, "Ko wani abu ne ya tare, kamar hayaƙi?"

"An yi wannan tunanin. Amma ka san ƙarfe a wutar maƙera. In ya daɗe yana shan wuta shi ma ja yake yi. Duk abin da ya tare hasken nan, da tuni ya ɗau zafi yana haskawa da kansa."

"To mene ne?"

Malam Isaka ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. Ya ce, "Haske tafiya yake yi, Malam. Yana da sauri fiye da komai, amma tafiya ce, tana cin lokaci. Ita kuma sama tana da farko, ba tun fil azal take ba. Akwai taurarin da nisansu ya kai, tun da aka halicce su haskensu yake kan hanya, har yau bai iso ba. Inda kake ganin baƙi tsakanin tauraro da tauraro, ba lallai babu komai ba ne. Ga shi su ma ba dawwama suke ba, suna ci su ƙare kamar itace. Sannan an gano sama buɗewa take ƙara yi, na nesa suna ƙara nisa, har hasken da ya samu isowa daga can yakan iso a gajiye, ya raunana, idon mutum ba ya kama shi sai da na'ura."

Baba ya sake ɗaga fuska sama. Can ya ce, "Ikon Allah. Da na san haka tun ina gadi, da na rage jin haushinsu."

Malam Isaka ya yi 'yar dariya, Baba ma ya yi. Daga nan suka shiga hirar gero da ruwan bana, da mutanen da suka sani a Badagishiri. Ya ce rabon da ya yi wa wani bayani irin wannan tun yana aji, matarsa ce kaɗai take sauraronsa, ita ma don kada ya ji kunya ne. Na bar su suna magana barci ya ɗauke ni.

Da muka idar da sallar asuba Baba ya ce in kai shi ya gaida Mushe. Na duba, babu tabarmar, babu butar, sai shatin inda ya kwana a ƙasa. Wata mata da ke hura wuta ta ce matar Malam Isaka ta cika kafin kiran salla, 'yan'uwa sun samo mota sun tafi da ita garinsu. Ba mu san garin ba, ba mu tambaye shi ba. Baba ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, ita da mijinta, mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Da hantsi aka kira mu. Likitan ya haska idon, ya auna, ya sake aunawa, bai yi gaggawa ba. Ya yi magana da Faransanci, wani ma'aikaci yana fassarawa. Ya ce wanda aka kankare wa ido yana ce ta rufe masa, ita ana cirewa. Na Baba kuwa jijiyar ce ta mutu, babu abin da wuƙa za ta yi. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai iya jinkirta tafiyar ɗan abin da ya rage, amma ba zai dawo da komai ba. Maganar da aka faɗa mana a gida ce, ba ragi ba ƙari. Baba ya ce, "Na gode, Allah shi saka." Ya miƙe, ya nemi sandarsa.

A bakin ƙofar asibiti na ce, "Baba, sai mu nemi motar Konni."

Ya ce, "Illela za mu. Ina so in ga Tsahara tun da sauran abin ganin."

Gwaggo Tsahara ƙanwarsa ce, su biyu suka rage a ɗakinsu. Ni ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani a waya ranar salla. Muka koma Tsarnawa, muka kama hanyar arewa. A Badagishiri muka sauka muka shiga wata tsohuwar a-kori-kura, mu da buhunan gishiri da awaki biyu. Lissafin Baba shi ne mu isa da rana, ya gan ta da haske. Sai muka tarar da wani kwari ya kawo ruwa, an yi ruwan sama a wani wuri can gabas, ja wur yana gudu ya yanke hanya. Direba ya kashe mota ya ce sai ya janye. Muka zauna a gindin wata ƙaya. Wasu Fulani mata da su ma ruwan ya tsare suka sayar mana da nono, suna ta hira da dariya, su ba su ga abin damuwa ba. Baba kuwa kowane ɗan lokaci sai ya ce, "Nasiru, ina rana take?" In ce ta karkata. Ya sake tambaya, in ce ta yi ƙasa. Daga baya ya daina tambaya.

Ana kiran magariba muka shiga garin. Gwaggo ta fito da gudu ba mayafi, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, ta faɗa jikinsa tana kuka tana cewa, "Yaya Alu, kai na? Kai na?" Ya shafa kanta, ya shafa fuskarta da tafin hannu. Ya ce, "Ki bari sai da sahe. Yanzu ban ganin komi."

Da safe ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, inda rana ta fi faɗowa. Ya ce ta zauna gabansa kada ta motsa. Ya rufe idon dama da hannu, ko da yake ba ya ganin komai da shi, ya fara juya kai a hankali. Ba ya iya ganin fuska gaba ɗaya, sai yanki-yanki. Ya tsaya a goshi, ya gangaro ido, ya gangaro baki. Ita kuma ta ƙame kamar mai ɗaukar hoto, hawaye na zuba ba ta share ba. Ya daɗe. Can ya sauke hannu ya ce, "Kin tsuhwa, Tsahara. Kin koma Inna sak." Ta ce, "Kai hwa, ka ga kanka?" Suka yi dariya, ni na tashi na zagaya bayan rumbu.

Mun yi 'yan kwanaki. Wata rana da azahar na nemi Baba in kai shi masallaci ban gan shi ba. Gabana ya faɗi. Na fita da sauri, sai na hango shi can gaba a lungu, shi kaɗai, sanda a hannu, ɗaya hannun yana bin katanga. Ya kauce wa turken jaki, ya karya kwana daidai inda ya kamata, ya cire takalmi a bakin masallaci. Ba wanda ya riƙe shi.

Da yamma na ce masa gobe za mu koma, aikin mutane na jirana. Ya ce, "Kai za ka koma."

Na ce, "Baba, wace irin magana ce wannan? Wa zai riƙa ɗiga maka magani? In ciwo ya tashi fa? Me zan ce wa su Hadiza?" Hadiza ƙanwata ce, ita ta fi kowa shaƙuwa da shi.

Ya ce, "Tsahara za ta ɗiga. Nasiru, a Gusau ko ban-ɗaki sai an kai ni. Babura, kwatoci, in zauna inda aka ajiye ni sai an zo an ɗauka. Ba ka gaza min ba, kai da matarka, Allah ya yi muku albarka. Amma nan ƙafata ta san ƙasar. In ɗan ganin nan ya rufe, kuma zai rufe, gara ya rufe a inda zan iya kai kaina salla."

Na yi magiya, na yi fushi, na kira Hadiza a wayar maƙwabta ta yi ta kuka yana saurare. Bai canza ba. Daren nan na koya wa Gwaggo yadda ake ɗiga maganin, rabi na zuba a kumatu, har ta iya.

Da sassafe motar Badagishiri ta tsaya a bakin lungu. Baba ya rako ni har bakin hanya, Gwaggo na gefensa. Na durƙusa, ya dafa kaina ya yi addu'a mai tsawo, ya ce in gaida yara, in riƙe salla. Na hau baya na zauna kan buhu. Motar ta yi gaba kaɗan, ta juya don ta ɗauki hanya. Shi bai san ta juya ba. Ya ɗaga hannu yana yi min sallama, fuskarsa na kallon inda motar take da farko, inda babu kowa sai katangar wani gida. Gwaggo ce ta kama kafaɗunsa ta juyo da shi a hankali wajen da nake. Hannunsa na sama har muka sha kwana.